Koyon aikin kwamfuta a banki: Shekarar da ke gina ɗalibin Badarawa ko ta cinye masa lokaci

Kafin ƙarfe bakwai na safe, hanyoyin da ke fitowa daga Badarawa da Kwaru zuwa babban titin Ali Akilu sun riga sun cika da masu neman abin hawa zuwa cikin garin Kaduna.

A cikin ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan makaranta akwai wasu samari da 'yan mata masu ƙananan shekaru, takalma a goge, katin shaida rataye a wuya, jakar kwamfuta a baya. Duk wanda ya gan su zai ce ma'aikatan banki ne, kuma haka maƙwabta ke kiran su.

Amma ɗalibai ne. Da dama daga cikinsu sun gama ƙaramar difloma ta ND a fannin kwamfuta ko lantarki, suna yin shekarar sanin makamar aiki da aka fi sani da IT kafin su koma neman babbar difloma ta HND. Wasu kuma 'yan jami'a ne da aka tura na wata shida.

A gida ana murna, domin a ce ɗan wane yana aiki a banki ba ƙaramin abu ba ne a unguwa. Sai dai shekarar nan ba ta da tabbas. Wani zai fito daga cikinta da sana'ar da za ta riƙe shi har tsufa, wani kuma ya fito bai koyi komai ba sai ƙirga kuɗi da tsara layin jama'a.

Abin da ya fi raba su biyun shi ne ko an samu wani a cikin bankin da ya ɗauki koyar da su a matsayin nauyin da ke wuyansa.

Yadda tsarin yake

Hanya biyu ce ke kai ɗalibi cikin banki kafin ya gama karatu.

Ta farko ita ce shirin SIWES, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta ɓullo da shi a 1973, shekara biyu bayan kafa ta. Dalilin kafa shi shi ne kukan da masu masana'antu ke yi a lokacin cewa ɗaliban da ake yayewa sun san littafi amma ba su taɓa riƙe inji ba.

A ƙarƙashin shirin, ɗalibin foliteknik kan yi wata huɗu a wurin aiki, na jami'a wata shida. Ana ba shi littafin da zai riƙa rubuta abin da ya yi kowace rana, mai kula da shi a wurin aikin ya sa hannu duk mako, malami kuma ya zo daga makaranta ya duba shi.

Hanya ta biyu ita ce shekara guda cur bayan ND, wadda sharaɗi ce ga mai neman HND a kwalejojin da ke ƙarƙashin hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE, wadda hedikwatarta ke kan titin Bida a nan Kaduna. A wannan shekarar ɗalibi ne ke nema wa kansa wuri, kuma abin da wurin ya ga dama shi zai ba shi a ƙarshen wata.

Alawus ɗin SIWES kuwa ya daɗe yana kan naira 2,500 a wata, wato naira 15,000 ga wanda ya yi wata shida, kuma sau da yawa sai an gama shirin da daɗewa ake biya. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan kuɗi ba ya kai ɗalibi ko'ina a kuɗin mota. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar ma ya koma naira 70,000 tun watan Yulin 2024.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗalibin da gidansu ba za su iya ba shi kuɗin zirga-zirga kullum daga Badarawa zuwa cikin gari ba, yakan haƙura da wurin da zai koyi aiki ya nemi wanda ke kusa, ko ya samu wani ofishi da za a sa masa hannu a littafi ba tare da ya zo ba.

Me ya sa kowa ke rububin banki?

A da, ɗalibin Kadpoly ba ya rasa inda zai koyi aiki. Makarantar, wadda ta faro a 1956 a matsayin cibiyar koyon fasaha ta kuma zama foliteknik a 1968, ta girma ne tare da masana'antun garin.

Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya biyo baya a 1975, matatar man Kaduna kuma a 1980. Dubban ɗalibai sun koyi aiki a waɗannan wurare, wasu ma can aka riƙe su.

Da KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007, sai wuraren koyon aiki suka ragu, ɗalibai kuma suka ci gaba da ƙaruwa, musamman bayan kafa Jami'ar Jihar Kaduna a 2004.

Rassan bankunan da ke jere a titin Yakubu Gowon da Ahmadu Bello da Ali Akilu na cikin 'yan wuraren da suka rage masu lantarki a kowane lokaci, da na'urori masu aiki, da kuma ɗan abin da ake bai wa ɗalibi a wata. Ga kuma sunan babban banki a takardar neman aiki.

Ba kowane gida ne ke maraba da hakan ba. Akwai iyayen da ke ɗari-ɗari da aikin banki saboda kuɗin ruwa, shi ya sa wasu ɗaliban kan fara gwada sa'arsu a bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, kamar Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 da rassa uku a Abuja da Kaduna da Kano, da kuma TAJBank da ya zo a 2019.

Aikin yini guda a reshe

Ɗalibin da ya yi dace aka haɗa shi da jami'in kula da na'urori, aikinsa kan fara ne kafin a buɗe wa jama'a ƙofa da ƙarfe takwas.

Zai leƙa ɗan ƙaramin ɗakin da na'urorin sadarwa suke ya tabbatar da sanyin ɗakin bai ɗauke ba, batura sun cika, kuma layin da ya haɗa reshen da hedikwata yana aiki. Rassa da yawa na da layi fiye da ɗaya, ta yadda idan wayar ƙarƙashin ƙasa ta tsinke za a koma kan na eriya.

Daga nan sai na'urorin ATM. Wata takardar kuɗi ta maƙale a cikinta, wata takardar rasidi ta ƙare, wata ta haɗiye katin wani bawan Allah tun daren jiya. Kafin ya gama, an kira shi a kanta: firinta ta ƙi aiki, ko na'urar ɗaukar hoton yatsa ta rajistar BVN ta daina gani.

A nan ne yake gane abin da ke bayan kalmar da jama'a suka fi tsana a banki, wato a ce babu sabis. Matsalar na iya zama a cikin reshen, ko a wajen kamfanin sadarwa, ko a hedikwata, ko kuma a wajen NIBSS, kamfanin da ke tsakanin bankuna wajen tura kuɗi. Wanda ya iya bin layi ya gano inda cutar take, ya koyi abin da zai ci abinci da shi a kowace ma'aikata.

Yana kuma koyon cewa aikin na da wa'adi. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba da umarnin cewa idan na'urar banki ta cire kuɗi a asusun abokin hulɗarsa ba ta fito da su ba, a mayar nan take, ko cikin awa 24 idan sai an yi da hannu. Idan na'urar wani banki ce daban, awa 48.

Wannan ke nan ga wanda ya yi dace. Wanda bai yi ba, ranar farko za a tambaye shi abin da ya karanta, ya ce kwamfuta, a ce to madalla, a kai shi ɗakin ƙirga kuɗin manyan 'yan kasuwa, ko a ba shi fom ya shiga kasuwa neman masu buɗe asusu. Haka zai ƙare shekarar, da yamma kuma ya zauna yana tunanin abin da zai rubuta a littafinsa.

Babban injin yana Legas

Ko ɗalibin da ya fi kowa dace, akwai iyakar da ba zai wuce ba a Kaduna.

Masu rubuta manhajar wayar banki, da masu kula da rumbun bayanan asusu, da masu tsare shi daga 'yan kutse, kusan dukkansu suna hedikwata ne. Hedikwatar First Bank da UBA da Zenith da GTBank da Access kuwa duk a Legas suke.

Idan matsala ta fi ƙarfin reshe, abin da jami'in reshen zai yi shi ne ya shigar da ƙorafi ta kwamfuta, a ba shi lamba, ya jira. Ɗalibin da ke tsaye a bayansa zai ga an gyara, amma ba zai ga yadda aka gyara ba.

Arewa ta taɓa samun babban banki mai hedikwata a cikinta, wato Bank of the North da ke Kano. A 2004 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Farfesa Charles Soludo, ya ɗaga jarin bankuna zuwa naira biliyan 25, abin da ya rage yawansu daga 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005. Bank of the North ya narke cikin Unity Bank, wanda shi ma daga baya ya mayar da hedikwatarsa Legas.

Ga matashin Badarawa, wannan na nufin mataki na gaba a aikin fasahar banki yana buƙatar kuɗin tafiya, da kuɗin hayar ɗaki a Legas, da amincewar iyaye. Ga 'ya mace, na ukun nan ya fi sauran wuyar samu.

Yadda ake yi a Ingila

Akwai ƙasashen da suka haɗe aikin da karatun wuri guda. A Ingila, tun 2015 ake da tsarin da matashi zai gama sakandare, kamfani ya ɗauke shi aiki da albashi, kuma a lokaci guda yana karatun digiri a jami'a ba tare da ya biya ko sisi ba.

Kusan kwana ɗaya a kowane mako na karatu ne, sauran na aiki. Bankuna irin su Barclays da Lloyds da J.P. Morgan na ɗaukar matasa ta wannan hanya a ɓangaren fasaha. Bayan kimanin shekara huɗu, matashin zai fito da digiri da ƙwarewar aiki, alhali takwaransa da ya bi hanyar da aka saba yana biyan sama da fam 9,000 a shekara, galibi da bashi.

Tsarin na da wahala. Gurbin kaɗan ne, masu nema na da yawa, kuma babu dogon hutu irin na sauran ɗalibai. Wanda ya tashi daga ofis zai koma ne ya buɗe littafi.

Abu biyu ne ke riƙe da shi. Na farko kuɗi: tun watan Afrilun 2017, duk kamfanin da albashin ma'aikatansa ya wuce fam miliyan uku a shekara yana biyan harajin rabin kashi ɗaya cikin 100, wanda zai iya cin moriyarsa ne kawai idan ya horar da masu koyon aiki. Na biyu rubutacciyar yarjejeniya tsakanin kamfani da jami'a da ɗalibi, wadda ta fayyace abin da za a koya masa da lokacin da za a ware masa.

Najeriya ma na da irin wannan haraji. Kamfanonin da doka ta shafa na biyan ITF kashi ɗaya cikin 100 na albashin shekara, kuma ana iya mayar musu da har rabinsa idan sun nuna sun horar da ma'aikatansu. Sai dai ba a ɗaure kuɗin da karatun digirin wani matashi ba.

Gwajin da ya fi kama da na Ingila a nan shi ne na bankin Sterling, wanda ya fito da shirin Grow with Sterling tare da Nexford, wata jami'ar intanet da ke Amurka. Matasa na aiki a bankin suna karatun digiri, bankin na ɗaukar kaso mafi yawa na kuɗin makaranta. Amma wannan shawarar banki guda ce, babu dokar da ta tilasta wa saura.

Darasin Panteka

Ba sai an je Turai ba kafin a ga koyon aiki mai alƙawari. Kusa da Kadpoly akwai tsohuwar kasuwar Panteka, inda masu walda da maƙera da kafintoci suka shafe shekaru suna yaye yara.

A can, uba ne ke kai ɗansa ya damƙa shi a hannun maigida a gaban shaidu. Yaron zai fara da shara da aike, amma kowa ya san inda aka dosa. Idan shekaru suka wuce bai iya komai ba, sunan maigidan ne ya ɓaci. Idan ya iya, a yaye shi, wani lokacin har da kayan aiki.

Farfesa Idris Bugaje, wanda ya shugabanci Kadpoly kafin ya zama shugaban NBTE a 2021, na cikin waɗanda suka yi fafutukar ganin an bai wa masu sana'ar Panteka takardar shaidar ƙwarewa ta ƙasa, domin abin da suka koya a shago ya samu daraja a ofis.

Ɗalibin banki na da takardar makaranta da katin shaida, amma sau da yawa ba shi da maigida. Jami'in da aka haɗa su yana da nasa aikin da za a tuhume shi a kai, kuma babu wanda zai tambaye shi a ƙarshen shekara me yaron nan ya koya.

Bankunan ma na cikin buƙata

Su kansu bankunan suna kukan rashin ƙwararru. A watan Afrilun 2022, shugaban bankin Sterling, Abubakar Suleiman, ya shaida wa manema labarai bayan taron shugabannin bankuna cewa ƙwararrun masu rubuta manhaja na barin bankuna, wasu ma suna barin ƙasar baki ɗaya.

Ba a daɗe ba aka shiga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, sakamakon sauya fasalin naira. Jama'a suka koma tura kuɗi ta waya, manhajojin bankuna da dama suka kasa ɗaukar nauyin. Mai shayi da mai kayan miya a Kawo da Unguwar Dosa suka koma karɓar kuɗi ta OPay da Moniepoint da PalmPay, kuma da yawa ba su waiwayo ba.

Alƙaluman NIBSS sun nuna cewa kuɗin da aka tura ta na'ura a 2023 sun kai kimanin naira tiriliyan 600. A 2024 kuma Sterling da Zenith da GTBank suka sauya babbar manhajar da ke riƙe da asusun jama'a, aikin da ya sa abokan hulɗa suka yi kwanaki suna fama.

Ɓangaren makarantu ya fara motsi. A farkon 2024 NBTE ta raba HND ta kwamfuta gida huɗu: ƙirƙirarriyar basira, haɗa na'urori da adana bayanai a intanet, rubuta manhaja, da kuma tsaron intanet. Gwamnatin Tarayya ma ta ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarshen 2023 domin horar da matasa miliyan uku. Abin da ya rage shi ne hanyar da za ta haɗa wannan karatu da teburin aiki.

Tarko biyu

Akwai haɗari biyu da ke jiran ɗalibi a wannan shekara.

Na farko 'yan damfara. Sun san ɗalibi ba shi da kuɗi, kuma yana ganin takardun jama'a. Wani zai zo a siffar aboki ya nemi lambar wayar wani mai asusu, ko ranar haihuwarsa, ko hoton fom ɗinsa, da alƙawarin ɗan hasafi. Dokar laifukan intanet ta 2015 da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba su ware ɗalibi ba, kuma duk abin da aka taɓa a kwamfutar banki yana barin sawu.

Na biyu ya fi taushi, shi ya sa ya fi kama mutane. Shekara na ƙarewa, sai a yi wa ɗalibi tayin ya zauna a matsayin ma'aikacin kwantiragi ta hannun wani kamfanin samar da ma'aikata. Ga gidan da ke buƙatar taimako, ƙin karɓa na da wuya.

Sai dai shekara ɗaya kan zama huɗu, HND ba ta samu ba. Tallan ɗaukar ma'aikatan dindindin a bankuna kuma galibi yana neman digiri, tare da iyakance shekaru a wajen 26 ko 27. Majalisar Tarayya ta amince da ƙudirin kawar da bambanci tsakanin HND da digiri a 2021, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa na lokacin ba.

Masu son riƙe aikin ba tare da sun ajiye karatu ba sukan shiga Jami'ar Karatu Daga Gida ta NOUN, wadda ke da digirin kwamfuta. Wannan shi ne tsarin Ingila a aikace, illa dai a nan ɗalibi ne ke biyan kuɗin makaranta daga ɗan albashinsa, kuma sai ya roƙi oga kafin a bar shi ya je jarrabawa.

Kafin a karɓi katin shaida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai tambayoyin da ya kamata ɗalibi, ko mahaifinsa, ya yi tun kafin a fara.

A wane sashe za a ajiye shi? Wane jami'i ne zai kula da shi, kuma wa zai sa hannu a littafinsa? Za a bar shi ya bi masu gyaran ATM da na sadarwa idan sun zo daga waje? Nawa za a ba shi, kuma zai ishe shi zuwa da dawowa?

Idan amsar ita ce ɗakin ƙirga kuɗi, ƙaramin kamfanin sadarwa ko cibiyar fasaha irin CoLab da ke Barnawa na iya fi masa amfani, ko da sunan bai kai na banki daɗin faɗa a majalisar unguwa ba.

Ranar da shekarar ta cika, ɗalibin zai miƙa katin shaidarsa, a ba shi wasiƙa mai tambarin banki da ke cewa ya yi aiki na wata 12 cikin ladabi da biyayya. Irin wannan wasiƙar za a bai wa wanda ya iya gano inda layi ya tsinke, ita kuma za a bai wa wanda ya shekara yana ɗaure kuɗi da roba.